Ƙarar Tsakuwa A Injin Mota: Kada Mai Lodi Ya Yi Sake

Duk wanda yake bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya, ko ta Ƙonni zuwa Illela, ya san irin wannan ƙara, wato a lokacin da mota ta sha lodin albasa ko wake, direba ya taka totur zai wuce wata mota, sai a ji injin yana kuka kamar an zuba tsakuwa a cikin gwangwani ana kaɗawa. Da yawa daga cikinmu mukan ce ai tsufa ne, mu ƙara murya a rediyo mu ci gaba da tafiya. To amma sau da yawa wannan ƙara ita ce gargaɗin ƙarshe kafin fistin ya huje a tsakiyar daji, ga kaya masu ruɓewa a bayan mota, ga ranar kasuwa tana wucewa.

A ƙa'ida, a injin fetur, fistin yana matse iska da mai, sannan fulogi, wanda muke kira buji a wannan ɓangare, ya ba da tartsatsi a daidai lokacinsa. Matsala iri biyu ce ke ɓata wannan tsari, kuma hatta wasu makanikai sukan haɗa su. Ta farko ita ce buji ya kunna wuta daidai, amma ragowar man da wutar ba ta kai gare shi ba ya fashe da kansa saboda zafi da matsi, wannan fashewa ita ce ƙarar da muke ji. Ta biyun kuwa, wadda ta fi muni, ita ce wuta ta kama tun buji bai yi tartsatsi ba, saboda wani abu a ciki ya yi jawur kamar garwashi. A nan fistin yana hawa, wuta tana danno shi ƙasa, kuma sau tari ba a jin wata ƙara, sai dai ƙarfin mota ya faɗi, zafi ya hau, cikin ɗan lokaci kan fistin ya narke. Ta farkon ce takan share wa ta biyu hanya, domin tana ƙara zafin buji da bawul.

Mene ne wannan garwashi? Galibi kabon ne, wato ƙanzon mai da baƙin mai da bai ƙone sarai ba, wanda yake manne a kan fistin da bawul da cikin kan inji, tamkar ƙanzo a gindin tukunya. Yana cinye filin da mai zai ƙone, sai matsi ya wuce yadda kamfani ya tsara, yana kuma riƙe zafi. Alamarsa da kowa ya sani a tsofaffin motoci masu kafireto, irin su Peugeot 504 da J5, ita ce ka kashe makulli inji ya ci gaba da kakkarwa kafin ya mutu.

Abubuwan da ke tara shi kuwa muna tare da su kullum. Akwai doguwar tsayuwa a bakin iyaka inji yana kunne, akwai ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska har mai ya rinjayi iska, akwai zoben fistin da robobin bawul da suka cinye suna barin baƙin mai yana shiga. Akwai kuma al'adar nan ta cire tamostat wai don kada mota ta yi zafi, wadda a ganinmu ɓarna ce, domin injin da ba ya kai zafin aikinsa ya fi tara kabon. Sai batun ruwa-ruwa. Ba mu ce duk mai sayar da man kwalba yana algus ba, amma fetur ɗin da aka garwaya da kananzir oktan ɗinsa yana raguwa, wato ba ya jure matsi, kuma shi ne ya fi saurin kawo ƙarar nan.

Saboda haka kafin a ce a sauke inji, a fara da mai sauƙi. Idan ƙarar ta fara ne bayan an sha mai a wani wuri, a canza mai a gani. A kwance bujin duka a jera su yadda suke a inji. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ke nan, baƙi busasshe mai ya yi yawa, baƙi mai maiƙo baƙin mai ke shiga, amma idan bakin buji ya yi fari fat, ko ƙarfensa ya fara narkewa, to a ajiye motar nan take. A tabbatar lambar bujin ita ce ta motar, domin bujin da ba ya sakin zafi da wuri shi kansa yakan zama garwashin. Bayan haka a duba tayimin ko an sa tartsatsi yana riga lokaci, a duba lagireto da fanka, sannan makanike ya auna matsin kowace silinda da agogonsa. Idan ya haura abin da littafin motar ya ce, kabon ne, idan ya gaza, zobe ko bawul ne.

Masu motocin zamani su lura, kwamfutar motar tana jin ƙarar ta jinkirta tartsatsi, sai dai ka ga shan mai ya ƙaru ƙarfi ya ragu. Amma ba ta da iko a kan wutar da garwashi ya kunna.

Maganin da ake zubawa a tanki yakan taimaka idan kabon bai yi kauri ba. Zuba ruwa ta kafireto kuwa ba mu goyi bayansa ba, domin ruwa ba ya matsuwa, in ya yi yawa sai ya lanƙwashe sandar fistin. In ya yi kauri, sai an buɗe kan inji an kankare, an gyara zaman bawul, an sa sabon gasket, a kuma canza zoben ko robobin da suka kawo shi, in ba haka ba zai sake taruwa. Idan kuma ƙarar ta same ka a hanya, sassauta totur ka koma ƙaramar giya, ka lallaɓa zuwa gareji mafi kusa.