Magani da Ruwan Jinin Majiyyaci a Cutukan Kunne, Hanci da Maƙogwaro

Kowa ya san in mutum ya yanke, jini yakan zuba kaɗan sa'an nan ya daskare. Masu wannan aiki wasu 'yan ƙwayoyi ne da ke yawo cikin jini, waɗanda wani masani na ƙasar Italiya, Giulio Bizzozero, ya bayyana aikinsu a 1882. A nan za mu kira su ƙwayoyin daskarwa. Ban da tsai da jini, sukan saki wasu sinadarai masu zuga tsoka ta tsiro, rauni ya haɗe. A kan wannan aka gina dabarar da likitoci ke kira PRP.

Ga yadda ake yi. Sai a ɗibi jini kaɗan daga hannun majiyyaci, a zuba a kwalba, a sa cikin na'ura mai juyawa da tsananin sauri. Kamar yadda mai ke rabuwa da nono in an kaɗa shi, haka jajayen ƙwayoyi kan kwanta ƙasa, ruwan jini ya taso sama. Sai a tsame sashen ruwan da ƙwayoyin daskarwa suka taru, a mai da shi wurin ciwo. Watau akasin ƙaho ke nan: wanzami zubar da jinin yake yi, likita kuwa tace shi yake ya mayar. Da yake jinin mutum ne na kansa, jiki ba safai yake ƙinsa ba.

A 1998 Robert Marx na Amurka ya ba da bayanin amfaninsa wajen dashen ƙashin muƙamuƙi. Daga baya likitocin kunne suka riƙa sa shi wajen ɗinke hujin dodon kunne, wasu kuma suka gwada shi a tabon tantanin maƙwallato mai dushe murya. Bayan annobar korona ta 2020, likitoci a Jami'ar Stanford suka yi allurarsa can ƙuryar hanci ga waɗanda suka daina jin ƙamshi, aka kuwa ga sun fi waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri samun sauƙi.

Amma fa a lura. Yawancin gwaje-gwajen nan a kan mutane ƙalilan aka yi su, kuma asibitoci sun sha bamban wajen haɗa ruwan, har ya yi wuya a auna sakamakon wani da na wani. Saboda haka malamin da zai koyar da wannan lalle ne ya nuna wa ɗalibansa cewa taimako ne ga fiɗa da sauran magunguna, bai maye gurbinsu ba.