Wa Ke Yi Wa Shanunmu Allura? Aikin Ƙungiyar Likitocin Dabbobi Ta Nijeriya

A ƙasar Kafur, daga Masari zuwa Mahuta da Gozaki, manomin da yake da shanun huɗa guda biyu ana lissafta shi cikin masu rufin asiri. Da su yake huɗar gonar masara da dawa da auduga, da su yake jan amalanke zuwa kasuwa, su ne kuma ajiyarsa ta ranar buƙata. In ɗaya ya kwanta ciwo a farkon damina, noman shekara ne ya kwanta. Saboda haka tambayar wanda zai soka wa sa allura babbar tambaya ce, ita ce kuma ta kai mu ga Ƙungiyar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NVMA.

Ƙungiya dabam, hukuma dabam

Mutane da yawa sukan haɗa abubuwa biyu wuri ɗaya. Akwai Hukumar Kula da Aikin Likitan Dabbobi ta Nijeriya, wato VCN, wadda dokar shekarar 1969 ta tsara aikinta. Ita ce take riƙe da rajistar likitoci, take duba makarantun da ke koyar da su, take kuma da ikon soke sunan wanda ya ɓata aiki. Kafin sunan mutum ya shiga wannan rajista, sai ya yi shekara 6 a jami'a, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko ta Ibadan, ya kuma yi rantsuwar aiki.

NVMA kuwa taron likitocin ne da kansu: na gwamnati, da masu asibitin kansu, da malaman jami'a, da masu bincike. Tana da rassa a jihohi. Kowace shekara takan yi babban taro inda likitoci ke gaya wa juna abin da suka gani a wuraren aikinsu, tana kuma buga mujallar bincike. Ita ce bakinsu a gaban gwamnati in ana maganar ɗaukar ma'aikata, ko kuɗin rigakafi, ko gyaran mahauta.

Abin da bushiya ta koya mana

Dattawanmu ba su manta da bushiya ba. Saboda ita aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, a 1924. A 1962 aka fara gagarumin yaƙin rigakafi a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, har cutar ta yi sanyi, mutane suka ɗauka an gama da ita. Da aka sassauta allura sai ta komo a 1983, ta share garkuna, ta bar makiyaya da manoma hannu rabbana. Sai da aka sake ɗaura ɗamara, ana bin shanu ruga ruga, ƙasa da ƙasa, kafin a 2011 aka sanar cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya.

Likita ɗaya ba zai iya wannan ba, domin cuta ba ta san iyakar gunduma ba. Saniyar da aka saya a Malumfashi yau, gobe tana Funtuwa, jibi tana cikin mota zuwa Legas. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai likitoci sun ji labarin juna da wuri, sun kuma yi magana da murya ɗaya, sannan a tare annoba.

Bushiya ta tafi, amma ta bar 'yan'uwanta. Zazzaɓin aladu na Afirka ya ɓarke a Nijeriya a 1997, masu kiwon aladu kuwa sun san yadda yake kwashe garke cikin 'yan kwanaki. An tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jaji, Jihar Kaduna, a watan Fabrairu na 2006, karo na farko da aka ga wannan nau'in a nahiyar Afirka. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ciwon saifa a wata gona a Suleja. Ga kuma ciwon huhu, da sammore, da harbin daji, da kirci, waɗanda kullum muna tare da su.

Jabun likitoci

Babban abin da ƙungiyar ta daɗe tana kuka a kai shi ne masu aikin likita ba tare da sun koya ba. Kowa ya san su ran kasuwa: jaka cike da kwalabe, sirinji ɗaya, magani ya wuni cikin rana. Ko mene ne ciwon, allurar ɗaya ce. Kuɗinsu kaɗan ne, amma araha ba ta ado.

Ɓarnar iri uku ce. Da fari, allurar rigakafi da yawa sai an riƙe su cikin sanyi tun daga inda aka yi su har jikin dabba. In sun sha zafi sun zama ruwa, mai dabba kuwa yana zaton ya kare dukiyarsa. Na biyu, maganin da aka ba da ƙasa da ƙima ba ya gama da ƙwayar cuta, sai dai ya koya mata juriya, har ran da za a ba da cikakken magani ya ƙi ci. Na uku, kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin a sha nonon dabbar ko a ci namanta. Likita na gaskiya zai gaya maka kwanakin nan. Wanda bai koya ba, shi kansa bai sani ba, sai saurin maganin ya ƙare a cikin 'ya'yanmu.

Lafiyar dabba, lafiyar gida

Wannan ya sa aikin likitan dabbobi ya wuce turke. Shi ne yake duba nama a mahauta don kada tarin fuka na shanu ya shiga tukunya. Shi ne yake gargaɗi a dafa madara kafin a sha, kada kuma a feɗe dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci da baki, domin alamar saifa ce, saifa kuwa tana kama mutum. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, rassan ƙungiyar a jihohi da dama sukan fita wayar da kan jama'a da yi wa karnuka rigakafi. Wanda mahaukacin kare ya ciza, a wanke wurin nan da nan da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti, domin in alamun ciwon suka bayyana, da wuya ƙwarai a tsira.

A 2022 aka sa hannu kan sabuwar dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi, wadda ta maye gurbin ta 1988, a 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo. Amma doka tana Abuja, sa yana Kafur. Likitoci sun fi yawa a birane, ƙauye kuwa nan dabbobin suke. Nan ne ya kamata ƙungiyar ta ƙara matsa wa gwamnatocin jihohi lamba su ɗauki likitoci da mataimakansu, su aika da su ƙananan hukumomi da kayan aiki.

Namu aikin

'Yan'uwa, mu ma muna da abin yi. Kafin kowa ya taɓa dabbarka, tambaye shi inda ya koyi aiki da likitan da yake ƙarƙashinsa. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Dabbar da ka sayo daga kasuwa, ware ta kamar mako biyu kafin ka haɗa ta da sauran. In ka ga dabbobi ko kaji suna mutuwa a jere, kai labari ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar, kada ka yi saurin kai sauran kasuwa ka raba wa maƙwabta cutar. Manoman unguwa ɗaya kuma suna iya haɗa kuɗi su kira likita ya yi wa dabbobinsu rigakafi rana ɗaya, tun kafin ruwan fari ya sauka.