Wasiƙun Wa da Ƙanwa

A zamanin da a Amurka, 'yan'uwa sukan warwatsu, ga shi ba waya. Sai da wasiƙa ake zumunci.

A 1723 Benjamin Franklin ya bar Boston, ya bar ƙanwarsa Jane tana 'yar shekara 11. Ya zauna a Filadelfiya, daga baya aiki ya kai shi Ingila da Faransa. Suka yi fiye da shekara 60 suna rubuta wa juna.

Ba ambulan a lokacin, sai a ninke takarda a liƙe da danƙo. Jirgin ruwa kuwa yakan yi fiye da wata guda kafin ya ƙetare teku. Jane ta haifi 'ya'ya 12, amma 11 suka riga ta rasuwa. Sau da yawa a takarda ta'aziyyar wanta take iso mata.