ZANEN DA KE NUNA DALILI

Manoman auduga, ku saurara!

Kowace shekara malamin gona yakan ce, "In kun gama ɗiban auduga, ku sare itatuwan ku ƙone." Yaran makarantar gona sun haddace wannan sarai. Amma tambayi ɗayansu, don me? Sai ya yi tsuru-tsuru. Wanda bai san dalilin aiki ba kuwa, ran da ya gaji sai ya bar shi.

Akwai dabarar da ke maganin wannan, ana ce mata taswirar tunani. Wani malami, Joseph Novak, shi ya fito da ita a Jami'ar Cornell ta Amurka a shekarar 1972, yana binciken yadda yara ke fahimtar kimiyya. Ba ta bukatar kuɗi. Allo ya isa, ko ma ƙasa da tsinke.

Ga yadda a ke yi. A share wuri a gindin bishiya. Yaro ya zana da'ira ya rubuta "tsohon itacen auduga". Ya zana wata ya rubuta "jar tsutsa", sa'an nan ya ja layi ya haɗa su. To, a nan aikin ya ke: kowane layi tilas a ɗora masa magana. Wannan layin maganarsa ita ce "yana ɓoye", domin tsutsar takan kwanta cikin anguryar busassun 'ya'yan da suka rage a jikin itacen, ta wuce rani a nan. Daga tsutsa a ja layi zuwa ɗan malam-buɗe-littafin nan mai tashi da dare, a rubuta "takan zama". Shi kuma "yana ƙwai a kan" sabuwar auduga. Sabuwar tsutsa "tana ɓata" farin auduga, mai dauɗa kuwa "tana rage" kuɗi ran awo.

Yaro ya bi zanen da yatsa, daga itace har aljihun ubansa.

Malam, kada ka zana masa. Bar shi ya yi da kansa, ko ya karkace. Inda ya kasa ɗora wa layi magana, nan ne bai gane ba, nan za ka tsaya ka yi bayani.

Wanda bai iya karatu ba, ya aza abin kansa cikin da'ira: guntun itace, angurya, ɗan kuɗi. Maganar layi kuma ya faɗe ta da baki, sauran su gyara masa.