Jirgin Ruwa da Takardunsa Biyu

Mutumin Gammo, ko na Kabo, ko na Gwarzo, wanda kakanninsa ba su san wani ruwa ba face rafin da ke cika da damina ya ƙafe da rani, ya wayi gari a wannan zamani yana maƙwabtaka da tafkuna waɗanda hannun ɗan Adam ya tara, tun daga madatsun da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, irin su Bagauda da Tiga, har zuwa ta Calawa a ƙasar Ƙaraye wadda aka kammala a 1992, ban da ƙanana irin ta Guzuguzu nan kusa da gida. Ruwa kuwa in ya zauna, sai masunta su biyo shi da komarsu, masu fito su biyo masunta, daga ƙarshe wani attajiri ya sayo jirgi mai inji daga Ikko don ya sha iska da iyalinsa ranar hutu. Jirage sun samu, amma sanin hukuncinsu bai iso tare da su ba.

Na taɓa tsayawa a gaɓar ruwa ana cinikin wani kwale-kwale. Mai saye ya ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa, ya duƙa ya duba inda aka liƙe tsaga da tsumma da kwalta, ya taya, aka ce albarka, ya ƙara, aka sallama, dillali ya karɓi la'adarsa, Sarkin Ruwa da wani dattijo suka shaida, aka shafa fatiha. Ba a rubuta ko harafi ba. A wajen fuƙaha'unmu wannan ciniki ya inganta, tun da an sami ijabi da ƙabuli, ga kuma shaidu. Sai dai duk abin da shaidun nan suka tabbatar shi ne jirgin ya fita daga milkin wane ya shiga milkin wane, alhali kuwa babu wanda ya tambayi adadin rayukan da zai iya ɗauka.

Lalle ne a rarrabe tsakanin takardu biyu waɗanda jama'a ke cakuɗawa. Ta fari ita ce shaidar mallaka, wadda ake buƙata ranar jayayya, ko rabon gado, ko jingina, ko sata. Ta biyu ita ce rajista, wato iznin hukuma na sa jirgi a ruwa bayan ta ba shi lamba ta shigar da shi littafinta. A Amurka, inda jiragen nishaɗi suka yawaita ainun, jihohi ne ke yin rajista, da yawa daga cikinsu kuma suna ba da takardar mallaka daban, sa'an nan tun 1972 aka wajabta wa maƙera su buga wa kowane jirgi lamba mai gurbi goma sha biyu a jikinsa, yadda ɓarawo ba zai sake masa fenti ya ce gadonsa ya yi ba.

A Nijeriya, al'amarin ruwayen cikin ƙasa yana hannun hukumar NIWA, wadda doka mai lamba 13 ta 1997 ta kafa, mazauninta kuwa Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Ita ke duba lafiyar jirgi, ta yi masa rajista, ta ba matuƙi lasisi. Manyan jiragen teku kuma hukumar NIMASA ke rubuta su. An daɗe ana ja-in-ja tsakanin tarayya da jihar Legas a kan wa ke da ikon, har Kotun Ƙoli ta yanke a Janairun 2024 cewa na tarayya ne. Ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 kuma sun hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, sun wajabta rigar ceto ga kowane fasinja. A ɓangaren mallaka kuwa, wanda ya sayi jirgin shan iska, ya adana rasit, da yarjejeniyar ciniki mai sa hannun shaidu, da lambar inji, da takardar kwastan in daga waje aka shigo da shi, domin da su zai kafa hujja in an tambaye shi.

Wanda ke ganin wannan duk ƙaƙale ne na ma'aikata, to, ya tuna da Bagwai, wadda ba ta da nisa da mu. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya taso daga Badau cike da mutane, galibinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, ya kife a madatsar Watari, aka rasa rayuka fiye da ashirin, Allah ya jiƙansu. Ba batun mallaka ne ya jawo wannan ba. Takarda ta biyun nan, mai iyakance lodi, ita ce ba ta yi aiki ba.

Wani almajiri zai ce ai Risala ta Ibn Abi Zaid ta ɗauke wa mai jirgi lamuni, ta kuma hana shi kuɗin fito sai ya isar da kaya. Haka ne; amma malamai sun sharɗanta rashin sakaci da ta'addi, ni kuwa ban ga abin da za a kira ɗora mutum hamsin a mazaunin ashirin ba in ba ta'addi ba.

Lakwaja ta yi wa mai fiton Guzuguzu nisa, wannan gaskiya ne, kuma ba zai bar komarsa ya tafi neman hatimi ba. Amma hakimi yana kusa, dagaci yana kusa, Sarkin Ruwa kuwa ya san kowane kwale-kwale da sunan masassaƙinsa. Da za a ba shi littafi guda da gwangwanin fenti, ya rubuta sunan mai jirgi da lambarsa, ya ja jan layi a gefen katako inda ruwa ba zai wuce ba, da ko tsohuwa mai zuwa kasuwar Gwarzo da kajinta ta iya leƙawa ta ce a rage mutum biyu kafin ta shiga.