Dogon da ya tsaya a Bilita

Duk sanda na ɗauko kaya daga Lome zuwa Sokode, in muka zo Bilita sai na tuna da mahaifina, Allah ya jiƙansa. Yakan ce a nan jirgin ƙasa ya gaji. Jamusawa ne suka shimfiɗa dogon daga Lome zuwa yankin Atakpame a 1911. Faransawa suka ɗora, ya iso Bilita a 1934, kilomita 276 daga Lome. Niyyarsu ya wuce Sokode ya nufi arewa, amma matsin tattalin arzikin duniya da ya fara a 1929 ya cinye kuɗin. Yau ko jirgin fasinja ba ya zuwa Bilita.

Da an ci gaba, da sai an yi fama da duwatsun Aledjo, tsakanin Sokode da Bafilo. Jirgi ba ya son hawa mai tsanani, dole a fasa dutse, a kuma tsallake kwari da doguwar gada.

Kwanaki ɗana da ke karatu a Ingila ya turo mini hoton irin wannan gadar a WhatsApp, a wani kwari da ake kira Monsal. An gina ta da dutse a 1863, bakuna biyar a jere kan ginshiƙai. Kallo ɗaya na tuna da bakan gizo na tsofaffin sorayenmu. Magina sukan kafa katako mai siffar baka, su jera duwatsu daga gefe biyu, su sa na tsakiya a ƙarshe, sannan su zare katakon. Nauyin da ke sama shi ke ƙara matse duwatsun, ya gangara cikin ginshiƙai. An rufe layin a 1968, amma gadar na nan daram, mutane na bi ta kai da ƙafa da keke.

Mu kuwa fa? Titi ɗaya muka dogara da shi har Dapawon. Kafin a yi hanyar kewaye, na taɓa kwana biyu a hawan Aledjo, wata tirela ta faɗi ta tare hanya, tumatirina ya ruɓe a kwando ina ji ina gani. Wallahi sai da na shekara ina biyan bashin.

Shi ya sa, 'yan'uwa, in kun ji ana maganar kai dogo arewa, ku kasa kunne, ku sa baki ta ƙungiyoyinmu na kasuwa. Jarinmu ne ke kwana a hanya.