Ikon Bishop da Ɗa'ar da Ake Binsa da Ita

A ranar da ake naɗa limamin ɗarikar Katolika, wanda mabiya suke kira fada, akwai lokacin da yake durƙusawa gaban bishop, ya sa hannuwansa biyu cikin nasa, ya ɗauki alkawarin girmama shi da yi masa ɗa'a, shi da duk wanda zai gaje shi a kan kujerar. Wannan mubaya'a, wadda ake yi a bainar jama'a, ita ce ginshiƙin tsarin ɗarikar baki ɗaya, domin daga ranar nan bishop ne zai ce wa fada je ka gari kaza, ko taso daga coci kaza, shi kuwa ba shi da ta cewa sai ya ɗaura kayansa.

Asalin wannan iko, a aƙidarsu, shi ne cewa bishop-bishop magadan manzannin Almasihu ne, kowanne ya karɓa daga wanda ya gabace shi ta hanyar ɗora hannu, silsila ba yankewa, kamar yadda malamanmu suke lissafa isnadin ijazarsu har zuwa tushe. Saboda tsare wannan silsila ne majalisar Nikiya ta shekarar 325 ta hukunta kada a naɗa bishop sai da hannun aƙalla uku daga cikin takwarorinsa. Babbar majalisar Vatican ta Biyu kuwa, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta bayyana cewa nauyi uku ne a wuyansa, koyarwa da jagorancin ibada da mulkin jama'ar yankinsa, wato dayosis, ta kuma ƙara da cewa shi ba ɗan aiken Fafaroma ba ne kurum, yana da hurumi na kansa. Duk da haka Fafaroma ne yake naɗa shi ko ya tabbatar da zaɓensa, shi kuma bishop yana kai rahoto Rum duk shekara biyar, kuma in ya cika shekara 75 ana bukatar ya miƙa takardar murabus.

Sai dai mutane da yawa, har cikin mabiyan kansu, suna zaton wannan ɗa'a ba ta da haddi, alhali ba haka nassin dokarsu ya ce ba. Kundin shari'ar coci na 1983, a wurin da ya wajabta wa mabiya bin abin da shugabanninsu suka koyar ko suka hukunta, nan take ya ba su haƙƙin bayyana ra'ayinsu ga shugabannin, har ya ce wani lokaci yin hakan wajibi ne a kansu. Bishop shi kaɗai ba ma'asumi ba ne. Ko Fafaroma ma, kariya daga kuskuren da wata babbar majalisar coci ta tabbatar masa a 1870 ta taƙaita ne ga lokacin da ya yanke hukunci na ƙarshe kan aƙida ko ɗabi'a da sunan muƙaminsa.

Inda aka ga wannan tsari ya gamu da jarrabawa mai tsanani kuwa a nan Nijeriya ne, a dayosis ɗin Ahiara ta ƙasar Mbaise, cikin Jihar Imo. A watan Disamba na 2012 Fafaroma Benedict na 16 ya naɗa musu Peter Okpaleke, mutumin Anambra, a matsayin bishop, sai limamai da jama'a da dama suka ce atafau ba su yarda ba, tun da yake ƙasarsu, wadda ta yi suna wajen yawan limamai, ba ta rasa ɗan da zai riƙe sandar ba. Abin ya kai aka yi bikin naɗinsa a wajen dayosis ɗin a 2013, bai kuwa sami shiga ya zauna kan kujerarsa ba. A watan Yuni na 2017 Fafaroma Francis, da haƙurinsa ya ƙare, ya umarci kowane fada na Ahiara ya rubuto masa wasiƙar neman gafara da miƙa wuya cikin kwana 30, in ba haka ba a dakatar da shi. Wasiƙu sun je Rum, amma zukata ba su sauko ba, har a watan Fabrairu na 2018 Okpaleke da kansa ya ajiye muƙamin.

A ganina limaman Ahiara ba su da hujja, domin wanda ya sa hannunsa cikin hannun bishop bai gindaya sharaɗin gari ko zuri'a ba, kuma coci mai da'awar rungumar duniya duka ba za ta zaɓi shugaba da ma'aunin ƙauye ba. Amma Rum ma ta ga cewa takardar naɗi, kome ƙarfinta, ba ta shigar da mutum gidan da aka rufe masa ƙofa, ba ta kuma zartar da dakatarwar ba. Shi kuwa Okpaleke, a 2020 aka ba shi sabuwar dayosis ta Ekwulobia a jiharsa, a watan Agusta na 2022 kuma Fafaroma Francis ya ɗaga shi zuwa muƙamin kadinal.